Gani Ya Kori Ji: Koyar da Bambancin Ƙwayar Halittar Tsiro da ta Dabba ta Hanyar Madubin Likita

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan farko da ɗalibin kimiyyar halittu yake cin karo da su a makarantar sakandare akwai darasin ƙwayar halitta, watau ɗan ƙanƙanen tubalin nan da aka gina jikin kowane abu mai rai da shi. Bisa al'ada, malami yakan zana hoto biyu a allo, ɗaya mai kusurwa huɗu na tsiro, ɗaya kewayayye na dabba, sa'an nan ya ja jadawali ya jera bambance-bambancen da ke tsakaninsu. Ɗalibai su kwafe, su haddace, su mayar wa malami ranar jarrabawa. Da yawa daga cikinsu sukan gama makaranta ba su taɓa ɗora ido a kan ƙwaya ta gaske ba. Waɗanda suka sami damar leƙawa kuwa, sau da yawa abin da suka gani yakan saɓa wa abin da suka haddace, sai su zana na littafi su ƙyale na idonsu.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Daga cikin waɗannan yara ne za a sami ma'aikatan ɗakin gwaji na asibiti, waɗanda za a miƙa wa jinin majiyyaci a ce su duba ko akwai ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a ciki. Wanda ya saba tun yana yaro da rubuta abin da ake sa ran ya gani, ba abin da ya gani ba, yana da wuya a amince da rahotonsa bayan ya girma.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa wurin da ya dace da jadawalin nan shi ne ƙarshen darasi, kuma ɗalibai ne ya kamata su gina shi daga abin da suka gani da idonsu. Har ila yau za ta nuna cewa, daga cikin alamomin da ake lissafawa, bangon ƙwaya ne kaɗai ɗalibi zai iya dogara da shi a ƙarƙashin na'urar makaranta. Daga nan za a kawo tsarin darasi mai matakai biyar, wanda galibin kayan aikinsa ana samunsu a kasuwa.

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Domin kauce wa ruɗani, ga yadda aka yi amfani da kalmomi a wannan takarda. Na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa ita ce Hausawa suka fi sani da madubin likita, wasu kuma su ce maikuroskof. Nan gaba za a riƙa ce mata na'ura kawai. Kakkauran shingen da ke kewaye da ƙwayar tsiro shi ne bango. Siririn mayafin da ya lulluɓe abin da ke cikin kowace ƙwaya, ta tsiro ko ta dabba, shi ne tantani. Ruwa mai kauri da ke cikin tantanin shi ne sitofilazam. Dunƙulen da ke ɗauke da bayanan gado shi ne cibiya. Jakar ruwan da ke cike tsakiyar ƙwayar tsiro an kira ta salka, domin tana kumbura in ta cika, ta motse in ruwanta ya ragu. Koren ɗigon da tsiro ke haɗa abincinsa a ciki da taimakon hasken rana shi ne kulorofilas. Ma'aunin tsawo kuwa maikuromita ne, watau kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita.

3.0 Abin da Tarihi Ya Koya Mana

A shekarar 1665 Robert Hooke ya wallafa littafinsa Micrographia a birnin Landan. A ciki ya bayyana yadda ya yanko siririn falle daga ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi, ya duba, ya ga ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma. Shi ne ya raɗa musu sunan sel, daga kalmar Latin mai ma'anar ƙaramin ɗaki. Abin da Hooke ya gani bangaye ne kawai na ƙwayoyin da suka riga suka mutu. A 1674 Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya ga ƙananan halittu suna iyo a cikin ruwan tafki, a 1683 kuma ya ga bakteriya a cikin dattin haƙora. Sai a 1831 Robert Brown ya bayyana cibiya a ƙwayoyin tsiro. A 1838 Matthias Schleiden ya ce da ƙwayoyi aka gina jikin tsirrai duka, a 1839 kuma Theodor Schwann ya ce haka abin yake ga dabbobi. A 1855 Rudolf Virchow ya yaɗa ƙa'idar cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa.

Abin lura a nan shi ne, tsakanin aikin Hooke da na Schwann akwai shekara 174. Rashin ingancin gilasan wancan zamani yana daga cikin dalilan wannan jinkiri, amma akwai wani dalilin: ƙwayar dabba ba ta da bangon da zai shata mata iyaka, saboda haka ganinta yana da wuya. Cibiya ce ta zame wa Schwann shaidar cewa abin da yake gani a jikin dabba ɗan'uwan abin da Schleiden ya gani ne a jikin tsiro. Watau masana sun fara da bango, suka bi da cibiya, kana suka gane ƙwayar dabba. Malamin da ya bi wannan jeri ya bi hanyar da ta fi sauƙi ga ido.

Akwai kuma iyaka ga abin da na'ura mai aiki da haske za ta iya nunawa. A 1873 Ernst Abbe na ƙasar Jamus ya nuna cewa irin wannan na'ura ba ta iya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin maikuromita 0.2. Kaurin tantani kuwa bai wuce maikuromita 0.01 ba. Sai bayan da Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera na'ura mai aiki da ilektoron a 1931 aka sami hanyar ganin irin waɗannan sassa dalla-dalla. Hotunan da ke cikin littattafan karatu, masu nuna ribosom da sauran ƙananan sassa, daga wannan na'ura aka samo su. Wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibai haka tun da wuri, don kada su yi ta neman abin da na'urarsu ba za ta nuna ba.

4.0 Inda Jadawali Yake Ruɗa Ɗalibi

Jadawalin da aka saba yakan ce ƙwayar tsiro tana da kulorofilas, tana da kusurwa huɗu, tana da babbar salka, tana da bango, alhali ta dabba ba ta da ko ɗaya. Bari mu auna kowace alama da abin da ido ke gani.

Na farko, kulorofilas. Fatar albasa ita ce samfurin da aka fi amfani da shi a makarantu, ga shi kuwa babu kulorofilas a cikinta, domin kan albasa ma'ajin abinci ne da ke girma a inda haske ba ya kaiwa sosai. Haka nan babu shi a saiwar gero, babu shi a tsokar dankali. Ɗalibin da ya riƙe wannan alama da ƙarfi, ko dai ya ce albasa ba tsiro ba ce, ko ya ɗiga kore a zanensa don ya faranta wa malami.

Na biyu, siffa. Ƙwayoyin tsokar nunannen tumatir kewayayyu ne kamar ƙwai. Ƙwayoyin nan biyu masu tsaron ƙofar iska a bayan ganye siffar wake gare su. Kowane silin auduga ƙwaya ɗaya ce tak, wadda tsawonta kan kai santimita 2 zuwa 3. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanjin mutum dogaye ne, jere kamar tubala.

Na uku, salka. Gaskiya ne takan cinye kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na cikin ƙwayar tsiro da ta ƙosa, amma a farar albasa ruwanta garau yake, ɗalibi ba ya ganin komai sai fili. A ƙananan ƙwayoyin da ke bakin saiwa kuwa salkunan ƙanana ne ƙwarai.

Abin da ya rage shi ne bango. An gina shi da selulos, sinadarin da ya kai kimanin kashi 90 cikin ɗari na auduga, yana da kauri, yana fitowa sarai ko da ba a sa rini ba, kuma ana samunsa a albasa da ganye da tumatir da dankali baki ɗaya. Babu ƙwayar dabba da take da shi. Amma fa a nan ma akwai iyaka da ya kamata a shata: yis da hunhunar burodi suna da bango, sai dai ba na selulos ba, kuma ba tsirrai ba ne, a rabon da Robert Whittaker ya yi wa halittu a 1969 ya ware musu gida nasu dabam. Bakteriya ma suna da nasu irin bangon. Saboda haka ƙa'idar da za a ba ɗalibi ita ce: idan zaɓin tsakanin tsiro da dabba ne, to bango ne alƙali, sauran alamomin kuwa shaidu ne masu ƙarfafa hukunci idan an same su, rashinsu kuma ba ya rushe shi.

5.0 Tsarin Darasi

5.1 Sanin Na'ura

Kafin a kawo kowane samfuri, a ba ɗalibai zama guda su saba da na'urar. A yanko ƙaramin harafin d daga tsohuwar jarida, a ɗora a kan fallen gilashi, a ɗiga ruwa, a rufe da siririn murfi. Ɗalibi zai ga harafin ya juye ya koma p, kuma in ya tura gilashin dama sai hoton ya tafi hagu. A koya masa lissafin girma: gilashin ido mai ninki 10 tare da gilashin ƙasa mai ninki 4 ko 10 ko 40 suna ba da ninki 40 ko 100 ko 400. Kullum a fara da mafi ƙanƙanta. Haka kuma a nuna musu kumfar iska da gangan, da baƙin zoben da ke kewaye da ita, domin ita ce abin da sabon ɗalibi ya fi zanawa da sunan ƙwaya. Idan na'urar mai madubin karɓar haske ce, a gargaɗe su kada su fuskantar da shi ga rana kai tsaye, don yana iya lahanta ido.

5.2 Fatar Albasa

A ɓare falle ɗaya na albasa, a karya shi, a ɗago 'yar siririyar fatar da ke gefensa na ciki da hantsaki. A yanki ɗan guntu wanda bai kai girman farce ba, a shimfiɗa shi cikin ɗigon ruwa ba tare da ya naɗe ba. A jingina murfin a gefen ɗigon, a sauke shi sannu a hankali da bakin allura don iska ta fice. A fara dubawa babu rini, ɗalibai su faɗi abin da suka gani da bakinsu. Galibi za su ce kamar ginin bulo. Daga nan a ɗiga aidin a gefe ɗaya na murfin, a sa takarda mai shan ruwa a ɗaya gefen ta jawo shi ciki. Cibiya za ta fito da launin rawaya mai duhu, sau da yawa a jingine da bango, domin salka ta ture ta gefe.

A nan ne kuma za a koyar da kimanta girma, tun da an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A ɗora rula ta roba mai haske a ninki 100, a auna faɗin da'irar da ake gani. A na'urori da yawa yakan kai kimanin milimita 1.8. Idan ƙwayoyi shida ne suka jeru a tsawonsu daga wannan baki zuwa wancan, to tsawon kowace ya kama milimita 0.3, watau maikuromita 300.

5.3 Ƙwayoyin Cikin Kunci

Kowane ɗalibi ya ɗauki sabon tsinke mai auduga a kai, ya goga a hankali a cikin kuncinsa, ya shafa a kan gilashi, ya ɗiga shuɗin metilin, ya rufe. Ƙwayoyin za su bayyana a warwatse, wasu a cure, wasu gefensu a naɗe kamar tsumma, faɗin kowace kimanin maikuromita 50 zuwa 60, cibiyarta shuɗiya a tsakiya. A ninki 400 akan ga wasu ƙananan ɗige-ɗige a kansu, waɗannan bakteriyan baki ne. Tambayar da malami zai yi ita ce: me ya sa waɗannan suke naɗewa, na albasa kuwa ba sa naɗewa? Daga amsar ɗalibai maganar bango za ta fito da kanta.

Dole a kiyaye tsabta. Kada ɗalibi ya taɓa tsinke ko gilashin wani, kuma da an gama a zuba su duka cikin ruwan bilic. Kada a ɗebi jinin ɗalibai ko kaɗan, saboda haɗarin ciwon hanta da cutar ƙanjamau. In ana son nuna jini, a nemi gilashin da aka riga aka shirya aka liƙe. A nan ɗalibai za su ga cewa jajayen ƙwayoyin jinin mutum, masu faɗin maikuromita 7 zuwa 8, ba su da cibiya. Inda ba a son amfani da kunci, ana iya kankaro ɗan kaɗan daga ɗanyar hantar akuya a rina ta haka nan.

5.4 Lawashi da Tumatir

Littattafan da aka rubuta a Ingila sukan ambaci wani tsiron ruwa mai suna Elodea domin nuna kulorofilas. Malaminmu ba ya bukatar jiran sa, domin albasar da ya yi aiki da ita ta zo da lawashinta. A karya koren lawashi a saɓule fatarsa. Za a ga ƙofofin iska, kowace da ƙwayoyi biyu masu siffar wake ɗauke da koren ɗigo, ga kuma korayen ƙwayoyin da suka manne wa fatar daga ciki. Fa'idar wannan ita ce, ɗalibi ya ga tsiro ɗaya mai ƙwayoyi iri biyu, wasu da kulorofilas, wasu babu. Bayan haka a lakato tsokar nunannen tumatir da bakin allura a baza ta cikin ruwa. Ƙwayoyin kewayayyu ne, a warwatse kamar na kunci, amma layin da ya kewaye su a miƙe yake, kuma sun fi na kunci girma nesa ba kusa ba.

5.5 Gwajin Gishiri

Matsala ɗaya ta rage. A ƙwayar tsiro tantani a manne yake da bango, ɗalibi yana ganin layi ɗaya ne kawai, malami kuma yana ce masa biyu ne. Jar albasa, irin ta Galmi a Jamhuriyar Nijar ko wadda ake nomawa a Aliero ta Jihar Kebbi, tana warware wannan. Launinta a cikin salka yake, a fatar da ke gefen waje na fallen. A saɓulo wannan fata a duba cikin ruwa: kowace ƙwaya cike take da launi har bango. Sai a narkar da gishiri giram 5, kimanin cokalin shayi ɗaya a shafe, cikin ruwa mililita 100, a jawo shi ƙarƙashin murfi kamar yadda aka yi da aidin. Cikin 'yan mintoci ruwa zai fice daga salka, launin ya tattare a tsakiya, bango kuwa ya tsaya inda yake. Bakin abin da ya tattaren nan, nan tantani yake. In aka mayar da ruwa mai daɗi, sai ƙwayar ta sake cika.

Daga nan malami zai iya haɗa darasin da abin da yara suka sani a gida: yankakken tumatir yakan tsatso ruwa in an barbaɗa masa gishiri, alayyafon da ya yi yaushi kuma yakan miƙe in an tsoma shi a ruwa. Tsiro ba shi da ƙashi, ruwan salka da ke tokare bango shi ke tsayar da ganye. Jar ƙwayar jini kuwa, da yake ba ta da bango, in aka sa ta cikin zallar ruwa kumbura take yi har ta fashe, shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa majiyyaci a asibiti ake auna gishirinsa giram 9 a kowace lita.

6.0 Zane da Gwaji

A kowane mataki ɗalibi ya zana ƙwayoyi uku ko huɗu kawai, da fensir mai tsini, manya, ba tare da shafa inuwa ba, ya rubuta sunan samfurin da ninkin da ya duba da shi. Sharaɗin shi ne kada ya sa sunan wani sashe sai wanda zai iya nuna wa malami a cikin na'ura. Zane mai rauni na abin da aka gani ya cancanci maki fiye da kyakkyawan zanen da aka kwafo daga littafi, kuma ya kamata ɗalibai su ji haka daga bakin malami.

Bayan matakan nan biyar sai a ja jadawali a allo babu komai a ciki, samfurori a jere a gefe, alamomi a sama, ɗalibai su cika. Da kansu za su ga cewa layin bango ne kaɗai ya raba samfurorin gida biyu ba tare da togiya ba. Wajen gwaji kuwa, a ajiye gilasai huɗu ko biyar marasa suna, a haɗa da wanda ba su taɓa gani ba, alal misali tsokar dankali ko ayaba, a tambayi kowa: na tsiro ne ko na dabba, kuma mece ce hujjarka?

7.0 Ƙarancin Kayan Aiki

Za a iya cewa duk wannan sai makarantar da ke da na'urori. Hakika ƙarancinsu matsala ce, amma ko guda uku ne ana iya raba aji rukuni-rukuni, wasu na shirya samfuri, wasu na dubawa, wasu na zane, suna musanyawa. Kyamarar wayar hannu, in an saita ta a bakin gilashin ido, takan ɗauki hoton da mutum goma za su kalla tare, ko da yake bai kamata ta hana kowa leƙawa da idonsa ba. A 2014 Manu Prakash da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka sun bayyana wata na'ura ta takarda mai suna Foldscope, mai ninki kimanin 140, wanda ya isa a ga ƙwayoyin albasa. Yanayi ma abin kula ne: da hunturu ɗigon ruwa yakan bushe da sauri, sai a riƙa ƙarawa daga gefen murfi, ƙura kuma takan lulluɓe gilasai, da damina danshi yakan sa hunhuna ta kama su. Rufe na'ura da ajiye ta a busasshen wuri ya fi sayen sabuwa sauƙi.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa uku daga cikin alamomi huɗun da ake haddacewa ba sa tabbata a kowane samfuri, kuma bango ne abin dogaro wajen raba ƙwayar tsiro da ta dabba. An kuma kawo tsarin da ke bin hanyar da masana suka bi, daga bango zuwa cibiya zuwa ƙwayar dabba, da kayan da ba su wuce albasa da lawashinta da tumatir da gishiri da rini iri biyu ba. Shawara ga kwalejojin horon malamai ita ce, kada a yaye malamin kimiyyar halittu sai ya shirya waɗannan samfurori da hannunsa, domin wanda bai taɓa gani ba ba zai iya nuna wa wani ba. Shawara ga masana harshe kuma ita ce, su zauna da malaman kimiyya a daidaita sunayen sassan ƙwaya da Hausa, yadda yaro zai iya bayyana abin da ya gani da harshen da yake tunani da shi. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan an gabatar da su ne domin mahalarta wannan taro su tattauna a kansu, su gyara, su ƙara.